AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Itacen Khair Na Ƙasar Indiya Da Magungunan Da Ake Yi Da Shi

  Kamar yadda muka saba, amsar da muka karanta a rediyo ita ce muke sake bugawa a nan, domin waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su ji.

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani majemi a jihar Jigawa, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce wani ɗan garinsu da ya raka mara lafiya asibiti a ƙasar Indiya ya kawo masa tsarabar wasu baƙaƙen ƙwayoyi da kwalbar wani tsimi, ya gaya masa wai daga wata irin bagaruwa ta can ake yin su, kuma suna maganin ciwon baki da kowace irin cutar fata, har da kuturta. Shi ne yake so ya san wane itace ne wannan, tun yaushe Indiyawa suke magani da shi, sannan ko zai iya bai wa ƙaninsa, wanda wani farin tabo ya fito masa a gadon baya, tabon da ko an tsikare shi da tsinke ba ya jin komai. In kuma tsarabar ta ƙare, ko zai iya dafa bagaruwarmu ta gida ta maye gurbinta.

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Bari mu ɗauko maganar daga tushe, amma ka daure ka kai ƙarshe, domin amsar da ta fi muhimmanci tana can.

Itacen da kake tambaya a kansa, Indiyawa suna ce masa khair. A tsohon harshensu na Sanskrit, wanda aka rubuta littattafan addininsu da na maganinsu da shi, sunansa khadira. Masana tsirrai sun daɗe suna kiransa Acacia catechu, daga baya da aka sake raba dangin suka mai da shi Senegalia catechu. Itace ne mai ƙaya, ƙayar tana fitowa bibbiyu a lanƙwashe kamar farcen shaho, ganyensa ƙanana ne irin na bagaruwa, furensa fari ne mai ratsin rawaya, tsawonsa kuma yakan kai kamar mita 15. Yana fitowa a Indiya da Nepal da Pakistan da Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, har zuwa Tailan da kudancin Sin. Ya fi son bakin koguna masu yashi da tsakuwa a gindin duwatsun Himalaya, da kuma dazuzzuka masu ƙarancin ruwa.

Mai tsarabarka bai yi ƙarya ba da ya ce dangin bagaruwa ne, sai dai kama da wane ba ta wane. Bagaruwarmu akwai ta a Indiya, can suna ce mata babul, kuma sun san bambancinta da khair sarai. In ana maganar kusancin jini ma, dakwara mai ba mu ƙaro ta fi bagaruwa kusa da shi. Wani bambancin kuma shi ne, kai majemi 'ya'yan bagaruwa kake dakawa ka jeme fata, su kuwa Indiyawa abin da suke nema a jikin khair shi ne jar zuciyar da ke tsakiyar gungumen, wadda take da tauri ainun, har gara ba ta iya cinta.

Wannan taurin shi ya fara jawo hankalin mutanen dā, tun kafin a zo maganar magani. A cikin Rigveda, littafin da ya fi kowane tsufa a addinin Hindu, wanda masana suke ƙiyasta an tsara shi fiye da shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ambaci khadira a matsayin itacen da ake sa wa amalanke don ƙarfi. A wani littafin nasu mai suna Atharvaveda an yi maganar laya da ake sassaƙawa da shi a siffar bakin garma. Da shi kuma suke yin turken da suke ɗaure dabbar yanka a wurin bautarsu, da ludayin zuba man shanu a wuta. Har gobe manoman Indiya suna yin garma da taɓarya da ƙotar gatari da ginshiƙin ɗaki da shi, gawayinsa yana da kyau, awaki kuma suna cin ganyensa.

Sai kuma zamanin likitoci. Ilmin maganin gargajiya na Indiya shi ake kira Ayurveda, ma'anarsa ilmin rayuwa. Manyan littattafansa guda biyu su ne Charaka Samhita da Sushruta Samhita, waɗanda aka tattara wajen shekara 2000 da suka wuce, aka ci gaba da yi musu ƙari a ƙarnonin da suka biyo baya. A ganin waɗannan likitoci, lafiyar mutum ta dogara ne a kan daidaituwar abubuwa uku a jikinsa: vata, wato iska, da pitta, wato zafi, da kapha, wato majina da nauyin jiki. In ɗaya ya rinjayi sauran, cuta ta samu. Wanda ya saba jin masu maganinmu suna cewa wannan ciwon sanyi ne, wancan na zafi ne, ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Kowane magani kuma suna auna shi da ɗanɗanonsa da ɗabi'arsa. Khadira a wurinsu mai ɗaci ne da bauri, ɗabi'arsa sanyi, saboda haka suka ce yana kwantar da zafi, yana busar da majina da duk wani abu mai tsattsafo a jiki.

A babi na 25 na kashin farko na littafin Charaka akwai wani dogon jeri, inda aka zaɓi gwani a kowane fanni, kamar a ce wannan shi ne sarkin maganin tsutsar ciki, wancan shi ne sarkin maganin dafi. To da aka zo kan cutar da suke kira kushtha, sai aka ba khadira sarauta. Littafin Sushruta ma ya bi sahu, inda ya umurci mai wannan cuta ya riƙa wanka da ruwan da aka dafa khadira, ya sha shi, a kuma sa masa a abinci. Daga nan ne maganar da aka gaya maka ta samo asali.

Amma fa a nan sai an lura. Kalmar kushtha ba kuturta kaɗai take nufi ba. Likitocin sun kasa ta gida 18, manya 7 da ƙanana 11, kuma in ka karanta yadda suka siffanta su, za ka ga ƙazuwa a ciki, ka ga makero, ka ga kirci da ƙyasbi. Wato duk wani ciwon fata mai naci sun zuba shi a buhu ɗaya. Ruwan itace mai bauri zai iya busar da ƙurji mai ruwa, ya rage ƙaiƙayi, mutum ya ji sauƙi. Wannan daban, kashe ƙwayar cutar kuturta kuma daban. Su a zamaninsu ba su da madubin ganin ƙwayoyin cuta, sai a shekarar 1873 wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa ta.

Fanni na biyu da khadira ya yi suna a kai shi ne baki da haƙori. Sushruta ya yi bayanin asuwaki dalla-dalla, ya ce tsawonsa ya kai faɗin yatsu 12, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, kuma a zaɓi itacen bisa ɗanɗano. A cikin masu ɗaci ya zaɓi darbejiya, wadda ita ma asalinta yankin Indiya ne kafin a kawo mana ita zamanin Turawa, a cikin masu bauri kuma ya zaɓi khadira. Baƙaƙen ƙwayoyin nan da aka kawo maka, bisa yadda ka siffanta su, su ne ake kira Khadiradi Vati. Tun a littafin Charaka akwai irin wannan haɗi, inda ake dafa itacen har ruwan ya yi kauri, a zuba kayan ƙamshi irin su kanumfari da kafur, a mulmula. Ba haɗiye su ake yi da ruwa ba, a baki ake ajiye su ana tsotsa, don ƙurajen baki da dasashi mai jini da ciwon maƙogwaro da dushewar murya da warin baki.

Ban da waɗannan, littattafan sun sa shi a maganin gudawa, da tari, da wanke miki, da rage ƙiba, da cututtukan fitsari da suke kira prameha, waɗanda ciwon sukari yake cikinsu. Wani likita mai suna Bhavamishra, wanda ya yi zamani a ƙarni na 16, ya sake jera yawancin waɗannan a littafinsa Bhavaprakasha. Akwai kuma wani farin abu mai kama da gishiri da akan tarar a kogon tsofaffin itatuwan khair idan an fasa su, suna ce masa khirsal, masu magani suna sayensa da tsada don tari.

Tsimin da ke cikin kwalbarka kuwa, in an rubuta Khadirarishta a jiki, to ga yadda ake yin sa tun ƙarnonin baya. Ana dafa zuciyar khadira tare da wasu itatuwa har ruwan ya ragu sosai, a tace, a zuba zuma da sukari da wani fure mai suna dhataki, a rufe a tulu har wata guda. A cikin watan nan abin yana tsimuwa, kuma barasa tana samuwa a cikinsa da kanta, ko da ba a zuba ba. Duk maganin Indiya da ka ga sunansa ya ƙare da arishta ko asava, haka yake. Mun ga ya wajaba mu faɗi wannan, domin Musulmi da yawa suna saye ba su sani ba.

Ilmin nan bai tsaya a Indiya ba. A zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki a Bagadaza daga 786 zuwa 809, wazirransa 'yan gidan Barmaki sun gayyato likitocin Indiya, aka fassara littattafansu, ciki har da na Sushruta. A shekarar 850 Ali bn Rabban al-Ɗabari ya kammala littafinsa Firdausul Hikma, ya ware wani sashe ya taƙaita maganin Indiya daga Charaka da Sushruta. Su ma hakiman Musulmin Indiya, masu bin tsarin da ake kira Unani, har yau suna aiki da ruwan khair da aka daskarar, suna ce masa kath.

To yaya ake fitar da shi? Nan ne 'yan kasuwa za su so su ji. Da sanyi ake aikin. A sare itacen da ya ƙosa, a ɓare ɓawon, a feƙe farin jikin a yar, a bar jar zuciyar, a sassare ta ƙanana. Sai a jera tukwanen ƙasa a kan dogon murhu, a yi ta dafawa. A tace ruwan, a sake mai da shi wuta har ya yi kauri kamar maɗi, sannan a ajiye shi ya huce na kwanaki. Abin da ya daskare ya kwanta, mai haske, shi ne kattha, na ci da magani. Baƙin ruwan da ya rage, in aka ƙafe shi, shi ne kac, na rini da jima. Akwai wata ƙabila a jihar Maharashtra da ake kira Katkari, daga wannan sana'a sunansu ya fito, kamar yadda mu ma muke da unguwannin Majema da Marina. Yanzu dai masana'antu sun karɓe yawancin aikin, kamar waɗanda ke garin Bareilly a arewacin ƙasar.

Mafi yawan kattha kuwa ba a magani yake ƙarewa ba, a baki yake ƙarewa. Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin mutum ya naɗe wani ganye ya cusa a kunci, can sai ka ga bakinsa ya yi ja. Wannan shi ne pan. Ganye ne ake shafa wa farar ƙasa da kattha, a zuba gutsattsarin wani ƙwallo mai suna supari. Matsayinsa a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu: da shi ake tarbar baƙo, da shi ake biki. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya zauna a Indiya a ƙarni na 14 kafin ya zo Mali da Takadda, ya ba da labarin yadda ake girmama baƙo da wannan ganye.

Turawa sun daɗe ba su gane kansa ba. Wani likita ɗan Fotugal mai suna Garcia da Orta, da ke zaune a Goa, ya yi bayaninsa a littafin da ya buga a 1563, ya nuna daga itace ake samunsa. Duk da haka, da fatake suka fara kai shi Turai a ƙarni na 17 ta hanyar cinikin gabas mai nisa, ganin sa dunƙule-dunƙule kamar busasshen yumɓu sai suka ɗauka ƙasa ce, suka sa masa suna ƙasar Japan. Da aka shigar da shi kundin magunguna na London a 1721 ma, cikin jerin ƙasashen magani aka sa shi. Ba su kaɗai suka ruɗe ba, domin babban kundin magunguna na Sin da Li Shizhen ya rubuta, wanda aka buga a 1596, shi ma a babin ƙasa ya ajiye shi. Sai wajen 1773 wani likitan Birtaniya mai suna James Kerr ya je ya ga yadda ake dafa shi a Bihar da idonsa, ya aika da cikakken bayani gida.

Daga nan ciniki ya buɗe. A ƙarni na 19 jiragen ruwa suna ɗibar kac daga Indiya da Bama zuwa Turai, inda ake jeme fata da shi, ana rina tufafi ruwan ƙasa, har da kakin soja da tantuna. Masunta kuma suna tsoma tarunsu da filafilan jiragensu a ciki don kada ruwan teku ya ruɓar da su. Da aka samu rini na sinadari da tarun roba, sai wannan kasuwa ta ja baya, ta pan kuwa ta ci gaba da bunƙasa. Yau gungumen khair kuɗi ne, har ɓarayin daji suna saransa da dare. A 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta taƙaita saran itatuwa a dazuzzukan ƙasar. A jihar Himachal Pradesh manoma suna renon khair a gefen gonakinsu, hukuma kuma ta tsara musu zagayen sara na shekara 10, saboda haka itacen ya zame musu kamar asusu. Akwai abin koyi a nan ga masu sare bagaruwa da dakwara don itacen girki.

Masana kimiyya da suka bincika sun tarar abubuwa biyu ne suke aiki a cikinsa. Na farko tanin, shi ne mai baurin nan, kuma shi ne dai yake cikin 'ya'yan bagaruwa. Yadda yake kama fata a majema ya tsuke ta ya hana ta ruɓa, haka yake tsuke dasashi da bakin miki da bangon hanji. Kai da kake majemi ka fi kowa sanin wannan aiki. Na biyu wani sinadari ne da wani Bajamushe mai suna Runge ya fara cirewa daga wannan itace a 1821, aka raɗa masa suna katekin saboda shi. Daga baya aka gano akwai shi a ganyen shayi, akwai shi ma a goro. Ka ga ashe tsofaffin likitocin nan ba su yi kuskure ba da suka ba shi aikin baki da miki.

Sai dai kowane magani yana da iyaka. Yawan shan abu mai tanin yana ɗaure ciki, yana kuma hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, don haka mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su nisance shi. Yaro mai gudawa, ruwan gishiri da sukari yake bukata da gaggawa. A Amurka an yi wani maganin ciwon gaɓoɓi mai suna Limbrel, wanda aka haɗa da sinadarin wannan itace da na wani tsiro. A 2017 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kansa bayan rahotannin ciwon hanta da na huhu, a farkon 2018 aka janye shi daga kasuwa. Shi kuma pan, hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar a rahotonta na 2004 cewa taunarsa tana jawo ciwon dajin baki ko da babu taba a ciki, kuma ƙwallon supari shi ne babban mai laifi. Akwai wani gari da ake kira gutka, haɗin taba da supari da kattha, wanda jihohin Indiya da dama suka haramta tun daga 2012. In ka gan shi a ƙananan ledoji a kasuwa, kada ka saya, kada kuma ka sayar wa 'ya'yan mutane.

Yanzu sai maganar ƙaninka, Malam. Farin tabo ko ja-ja wanda ba ya jin taɓi, ba ya jin tsini, yana daga cikin manyan alamun farko na kuturta. Mu ba za mu yanke hukunci daga ɗakin rediyo ba, ma'aikacin lafiya ne zai duba ya tabbatar. Amma kada ka ɓata ko mako guda kana gwada tsimi. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyin da ke kashe cutar, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su a duniya duka. Ana sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon yadda ta kama mutum. Da ya fara sha ya daina yaɗa ta ga iyalinsa, in kuma an tare ta da wuri, zai warke da yatsunsa cif, ba wanda zai san ya yi. Jinkiri shi ke kashe jijiya, jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Ita kanta Indiya, mahaifar khair, inda ake samun fiye da rabin sababbin masu cutar a duniya kowace shekara, da waɗannan ƙwayoyi asibitocinta suke yaƙar ta.

Saboda haka ka kama hannunsa ku tafi asibitin gwamnati mafi kusa, ku nemi jami'in da ke kula da tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarku. Ku tafi da kwalbar da ƙwayoyin ku nuna masa. Sauran mutanen gidan ma a duba su. Bagaruwa kuma ka bar ta a majema inda ta fi amfani, kada ka dafa masa ya sha da sunan madadin khair. Ba abin kunya ba ne, cuta ce kamar kowace, kuma Allah da ya saukar da ita ya saukar da maganinta.

Muna fatan za ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda kuka yi. Sauran masu takardu ku ƙara haƙuri, layi zai zo kanku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.